Kirsimeti da ƙananan yara: me za mu fara bana da zai zauna musu a rai?

Maman yara biyu:
Salama gare ku, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya daɗe yana yi mini kai-kawo a zuci. 'Yata ta fari ta cika shekara huɗu, ƙanenta kuma bai kai biyu ba, kuma bana ne na fara jin ta tana tambayar dalilin da ya sa ake bikin Kirsimeti. A bara mun zuba ƙarfinmu wajen sayen kayan wasa, amma da na tambaye ta kwanan nan abin da take tunawa, ba ta ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ta ce kawai shi ne babanta ya ɗora ta a kafaɗa ta rataye tauraro da hannunta. Ina so mu kafa wasu al'adu na gidanmu waɗanda za mu iya riƙewa kowace shekara ba tare da sun zame mana ɗawainiya ba. Me kuka gwada ya yi muku amfani, me kuma kuka gwada kuka bari?

Kakar jikoki bakwai:
'Yata, ai yarinyar ta riga ta ba ki rabin amsar, domin abin da hannunta ya taɓa shi ne ya zauna mata. Shawarata ita ce ki samo ƙananan siffofin labarin haihuwar Yesu, na katako ko na ƙyalle, waɗanda ko sun faɗi ba za su fashe ba, ki ajiye su ƙasa inda hannun yara zai kai. Namu sun fi shekara talatin a gidan nan, tunkiya ɗaya ma ta rasa kunne tun babban ɗana yana rarrafe, kuma har yau ita jikokina suke fara nema idan an buɗe akwatin. Muna jera Maryamu da Yusufu da dabbobi tun farkon Disamba, amma komin dabbobin muna barin sa babu kowa a ciki har safiyar ranar 25 ga wata, sannan mafi ƙanƙanta a cikin yaran shi ne zai kwantar da jaririn. Masana taurarin da suka kawo wa jaririn kyauta kuwa daga can ƙarshen ɗaki suke farawa, kullum da yamma yara su matsar da su taki ɗaya, ba za su iso ba sai ranar 6 ga Janairu. Wata shekara na tashi da asuba na tarar jikata, tana da shekara uku a lokacin, ta lulluɓe jaririn da hankicina, ta ce wai ta ga ba shi da mayafi. Yanzu ta zama budurwa, ita ce ke koya wa ƙannenta yadda ake jera su.

Malamin makarantar Lahadi:
Kaka ta faɗi gaskiya, kuma wannan hanya tana da tushe mai nisa. A shekarar 1223 wani waliyyin Kirista mai suna Faransis na Asisi ya shirya komin dabbobi da ciyawa, ya kawo sa da jaki masu rai a wani kogo a ƙauyen Gireciyo da ke Italiya, domin talakawan da ba su iya karatu ba su ga labarin da idonsu. Yaro ɗan shekara huɗu yana cikin irin wannan hali, abin da ya gani ya fi abin da aka karanta masa shiga kansa. Labarin kansa gajere ne, yana cikin Luka sura 2, aya 1 zuwa 20, inda ake samun makiyaya da mala'iku, sai Matiyu sura 2, aya 1 zuwa 12, inda ake samun masana taurari da kyaututtukansu na zinariya da lubban da mur. Kada ki karanta mata duka a zama ɗaya. Ki ɗauki aya uku ko huɗu, ki faɗa mata da kalmominki, ki miƙa mata siffar mutumin da ake magana a kansa ta riƙe. Idan ta tambayi sunayen masanan ko yawansu, ki sani Matiyu bai faɗi adadinsu ba, daga kyaututtuka ukun nan ne mutane suka ɗauka cewa su uku ne. Na ambaci wannan ne domin yara suna da tambaya, kuma ya fi kyau tun yanzu ta san abin da ke rubuce da abin da aka ƙara daga baya.

Baban 'yan biyu:
Ni abin da ya fi ba mu wahala shi ne tambayar nan ta kullum, saura kwana nawa. Ƙaramin yaro bai san tsawon mako ba balle wata, don haka sai an nuna masa lokaci a abin da zai iya ƙirgawa. Na karanta cewa wannan matsalar ce ta sa wani fasto mai suna Johann Wichern, wanda ke kula da yara marasa galihu a birnin Hambug na Jamus, ya ɗauki tsohuwar ƙafar keken doki a shekarar 1839 ya jera mata kyandirori, ƙanana na ranakun mako da manya guda huɗu na ranakun Lahadi, ana kunna ɗaya kowace rana har Kirsimeti ta zo. Daga nan aka samo zoben ganye mai kyandir huɗu da ake gani a majami'u da yawa a makonnin jiran haihuwar Almasihu. Mu a gida sarƙar takarda muke yi mai zobe 24, yaran su manna da kansu, kowace safiya a tsinke ɗaya, suna ganin tana gajercewa.

Amma ina so in gargaɗe ki da kuskuren da muka yi. A shekarar farko mun rubuta wani aiki na musamman a cikin kowane zobe, yau fita, gobe yin kati, jibi ziyara, kuma kafin rana ta goma ni da matata mun gaji liƙis, muka fara saɓa alkawari, yaran kuma suka fara kuka a kan abin da aka yi domin faranta musu. Yanzu zobe biyar ko shida ne kawai ke ɗauke da aiki, sauran kuwa sunan wani ɗan'uwa ne ko maƙwabci da za mu yi wa addu'a a ranar. Wannan ya ɗore mana shekara huɗu ke nan.

Ma'aikaciyar jinya:
Yaya, tunda ƙaramin naki bai kai shekara biyu ba, ki ba ni dama in kawo maganar da ta shafi aikina. Duk abin adon da zai iya shigewa bakin yaro ɗan ƙasa da shekara uku, ki ɗaga shi sama ko ki bar shi sai baɗi. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli da ake sawa a katin gaisuwa mai kiɗa da ƙananan fitilun ado, domin idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin sa'o'i biyu. Idan hakan ta faru, a garzaya asibiti nan take, kada a jira alama. Idan kuna kafa bishiyar ado, ku ɗaure ta da bango domin mai koyon tafiya zai ja ta, kuma kada a bar kyandir yana ci a ɗakin da babu babba. Abu na biyu shi ne barci. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar sa'a 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan shekara uku zuwa biyar kuma sa'a 10 zuwa 13, kuma yawancin rigimar da ake gani a ranar biki daga rashin barci take fitowa. Idan za ku je sujadar dare, ki tabbatar sun yi barcin rana sosai.

Wani abu kuma, ga waɗanda aiki ke hana su zama a gida ranar 25 kamar ni. Shekaru biyu a jere ina bakin aiki a ranar, na yi ta jin kamar na tauye 'ya'yana, sai muka mayar da namu bikin na gida zuwa washegari, kuma ko a jikinsu. Abin da suka damu da shi shi ne in kasance a wurin lokacin da ake buɗe kyauta.

Malamin makarantar Lahadi:
'Yar'uwa, kada wannan ya dame ki ko kaɗan. Linjila ba ta faɗi ranar haihuwar ba, kuma shaida mafi daɗewa da ake da ita ta yin bikin a ranar 25 ga Disamba daga birnin Roma take, a shekarar 336. Har yau Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar da 'yan Otodoks na Rasha a ranar 7 ga Janairu suke yin nasu saboda bambancin kalanda.

Maman yara biyu:
Na gode ƙwarai, musamman maganar batirin, domin akwai irin katin nan a aljihun teburinmu, yanzu na je na ɗauke shi. Ina da wata tambayar. Yarinyar ta ga hoton tsohon nan mai jar riga da farin gemu, ta tambaye ni ko shi ne ke kawo kyauta. Ni da mijina ba mu daidaita a kan amsar da za mu ba ta ba.

Goggon marayu:
'Yata, ni ban taɓa gaya wa yaran da na riƙe cewa wani ne ke shigowa da dare ya ajiye musu kyauta ba, domin ina so idan na gaya musu abu su san haka yake. Abin da nake ba su shi ne labarin mutumin da aka samo siffar daga gare shi, wato Nikolas, bishop na garin Mira a ƙarni na huɗu, garin da yake kudancin Turkiyya ta yau, wanda ake tunawa da shi ranar 6 ga Disamba. Labarin da aka gada a kansa ya ce ya ji wani talaka yana da 'ya'ya mata uku amma ba shi da abin aurar da su, sai ya riƙa zuwa da dare yana jefa jakar zinariya ta taga domin kada a san shi ne. Daga wannan labari muka kafa al'adarmu. Kowace shekara yaran suna zaɓen gida ɗaya da suka san akwai bukata, su haɗa abin da za su iya, har da kayan wasansu masu kyau da suka daina amfani da su, mu kai a ɓoye. Ɗan shekara huɗu ba ya iya riƙe sirri da sauƙi, za ki ga yana toshe bakinsa da hannu biyu yana dariya, kuma wannan daɗin ya fi na karɓar kyauta daɗewa a ransa.

Baban 'yan biyu:
Goggo, ina girmama ra'ayinki, amma mu mun bar yaranmu sun yi wasan na ɗan lokaci, kuma ban ga ya ɓata amanar da ke tsakaninmu ba. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya dube ni ya tambaye ni da gaske, na gaya masa gaskiya a take, ya kuma yi murna da aka sa shi cikin masu shirya wa 'yan ƙannensa na dangi. Abin da nake ganin ya fi muhimmanci shi ne uwa da uba su yi magana ɗaya, kada yarinyar ta ji abu biyu a gida guda.

Mai jego a karo na uku:
Ni zan yi magana ne a kan ajiye tarihi. Yawancin manya ba sa tuna abin da ya faru da su kafin shekara uku, don haka ƙaramin naki ba zai tuna bikin bana da kansa ba, sai abin da aka ba shi labari aka kuma nuna masa. Shi ya sa muke da littafi ɗaya na Kirsimeti. Kowace shekara muna zana tafin hannun kowane yaro a shafi guda, mu rubuta shekarar, mu kuma rubuta amsarsa kalma da kalma idan an tambaye shi abin da ya fi so a bikin. Idan Disamba ta zagayo sai a fito da shi tare da kayan ado, su ɗora hannunsu a kan zanen bara su ga yadda suka girma.

Abin da ya fi kome daraja a wurinmu kuwa ba mu shirya shi ba. Shekara uku da suka wuce na naɗi muryar mahaifina a waya yana karanta wa jikokinsa labarin makiyaya, babbar 'yata tana katse shi tana tambayar ko tumakin sun ji tsoron mala'ikan, shi kuma yana tsayawa yana amsa mata da haƙuri. Allah ya yi masa rasuwa kafin Kirsimetin da ta biyo baya. Yanzu kowane daren 24 ga wata muna zama mu saurare shi, kuma jaririn da nake goyo zai san muryar kakansa ta wannan hanya. Idan iyayenki ko surukanki suna raye, ki yi wannan bana, kuma ki ajiye kwafin a wuri biyu domin waya tana ɓata.

Kakar jikoki bakwai:
Allah ya ji ƙansa, 'yata, ya kuma raya miki jaririn. Kin tuna mini da abin da ban yi ba tukuna, zan sa jikana ya naɗi tawa muryar a wannan makon.

Maman yara biyu:
Allah ya saka muku da alheri duka. Mun zauna da mijina jiya da dare mun zaɓi abu uku kawai na bana: siffofin katako da komin da zai jira har safiyar biki, sarƙar takarda mai sunayen waɗanda za mu yi wa addu'a, da littafin tafin hannu. A kan tsohon mai jar riga mun amince za mu ba ta labarin Nikolas kamar yadda Goggo ta ce, kyautar ɓoye kuma sai baɗi idan ƙanenta ya ƙara wayo. Surukata za ta zo ranar 20 ga wata, kuma na riga na roƙe ta ta karanta musu Luka sura 2 in naɗa. Mama, ina da 'yar tambaya kafin in sayi siffofin: wane girma ne ya dace, tunda ƙaramin har yanzu kome ya samu baki yake kaiwa?

Kakar jikoki bakwai:
Ki nemi waɗanda kowannensu ya kai girman tafin hannunki, waɗanda aka sassaƙa daga katako guda ba tare da wani ɓangare da aka manna ba, kuma ki tambayi mai sayarwa ko fentin ba ya cutar da yara. Jaririn yakan fi sauran ƙanƙanta, don haka shi ki ajiye shi a wurinki, ki miƙa wa yayar ta kwantar da shi kina tsaye.