Tender da bid: tanda ce, gwanjo ne, ko tayi?

Jama'a, ku taimaka min da kalma. Wani ƙanena mai ɗinkin kayan makaranta ya kawo min sanarwar gwamnati daga jarida, ya ce in bayyana masa da Hausa. Ina zuwa kan "tender" da "bid" sai na tsaya cak. 'Yan kwangila dai "tanda" suke cewa, to amma a gidanmu tanda ta suyar waina ce. Da na ce masa zai shiga tanda, dariya ya yi, ya ce shi ba ƙullu ba ne.

Ga abin da ake nema wa sunan. Ma'aikata tana son a yi mata aiki ko a kawo mata kaya, sai ta yi shela. A dokar sayayyar gwamnati ta 2007, wadda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu, kuma ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan kwangilolin gwamnati, an ce a buga shelar a jaridun ƙasa aƙalla 2. Mai so ya haɗa takardunsa: rajistar kamfani ta CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, shaidar biyan haraji ta shekara 3, ta fansho, ta ITF, wato asusun horar da ma'aikata, sannan farashin da zai yi aikin. A liƙe ambulan, a jefa a akwati.

Na taɓa raka wani ranar buɗe akwatin. Ƙarfe 12 aka sa. Wani bawan Allah ya shigo da gudu sha biyu da 'yan mintoci, gumi ya jiƙa masa babbar riga, ambulan a hammata. Ko buɗe shi ba a yi ba, aka ce ya koma da abinsa. Sauran kuwa aka riƙa farkewa ɗaya bayan ɗaya, ana kiran sunan kamfani da kuɗin da ya rubuta, kowa na ji, kowa ya sunkuya yana rubuta na abokin hamayyarsa a bayan takarda.

Amsoshi sun fara shigowa, bari in bi su.

Alhaji, ka ce gwanjo. Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba. A gwanjo kana jin abin da na kusa da kai ya faɗa, ka ɗora a kai, wanda ya fi tsada ya ɗauka. Nan kuwa sau ɗaya za ka faɗi naka, a rufe, kuma ƙasa ake kallo: mafi arha cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Idan muka ce gwanjo, mai karatu zai ɗauka gwamnati ce ke sayar da tsofaffin motocinta.

"Neman kwangila" kuma ya yi faɗi da yawa. Wanda ya kwana uku yana zaman jira a falon kwamishina shi ma neman kwangila yake yi, alhali ko ambulan bai saya ba.

Hajiya, jinga da kika kawo ta burge ni, don ita ce tamu ta gado tun kafin kwangila ta shigo bakinmu daga Turanci. Sai dai jinga bayan an daidaita ce, kamar ka ba magini jingar katanga. Muna neman sunan abin da ke gaban wannan.

Ni inda na fi karkata shi ne tayi. Malam, na ga gyaranka, kuma gyara ne mai nauyi: a kasuwa mai saye ne yake tayawa, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har ya sallama. A nan kuwa gwamnati ce mai saye, amma ɗan kwangila ne ke faɗin kuɗi. Wato kan ya koma ƙafa. Na jima ina juya wannan. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne tayi bai tsaya a bakin rumfa ba. Baƙo ya same ka kana cin tuwo, ka yi masa tayi. Ana yi wa mutum tayin aiki, ana yi masa tayin aure. A duk waɗannan, mai abu ne yake miƙawa, wancan ya karɓa ko ya ƙi. To haka ɗan kwangila yake yi: ga aikina, ga kuɗina, in kun ga dama.

Kuma kalmar tana haihuwa, abin da tanda ba ta yi. Mai tayi, masu tayi, takardar tayi, akwatin tayi, ranar buɗe tayi. Ba wadda ta yi wa kunne nauyi.

Ina ganin ma abin da ya rikita mu tun farko shi ne Bature ya ɗora wa "tender" kaya biyu, shelar da kuma amsar shelar. Mu sai mu raba. Hidimar gaba ɗaya takarar kwangila ce, shelar ma'aikata kiran tayi, abin da ka jefa a akwati tayinka. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce a Faransancin da ake aiki da shi a ofisoshin Nijar ma haka ginin yake, kira ne na tayi. Ya yi daidai ke nan.

Kuɗin somin aiki da ake ba wanda ya ci, wanda dokar 2007 ta ƙayyade a wancan lokacin kada ya wuce kashi 15 cikin 100, wannan ba sai an ƙirƙira ba, kafin alƙalami ne. Takardar banki da ake haɗawa da babban tayi, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na farashin ba, don kada mutum ya ci ya gudu, na sa mata lamunin tayi. Wasu sun ce jingina, amma jingina kadara ake ajiyewa, nan kuwa banki ne ya tsaya maka.

Na sake karanta wa ƙanen nawa sanarwar da waɗannan kalmomi. Bai katse ni ko sau ɗaya ba, sai da na gama ya tambaye ni inda ake karɓar shaidar haraji.