Bangon tsohon cocin Kantabari: faci ne ko haka aka gina shi?

Baba Magini, Jidda:
Assalamu alaikum. Shekara 26 ke nan ina aikin gini a Jidda, yawanci gyaran tsofaffin gidajen Balad. 'Yata da ke karatu a Ingila ta turo mini hotunan wani ƙaramin coci a Kantabari, St Martin's, wai tun kafin shekarar 600 ake ibada a cikinsa. Ni dai bangon ne ya tsaya mini a rai. Ga jan bulo siriri, faɗi-faɗi kamar faranti, ga dutsen ƙyastu, ga wata ƙofa da aka toshe amma shacinta na nan. Da yarona ne ya yi mini wannan jeri, da ya rushe ya sake. Masana, ganganci ne ko talauci?

Injiniya Sani, Riyad:
Wa alaikumus salam, Baba. Abin da ka gani tarihin ginin ne, ba ƙyuya ba. Siririn bulon nan na Rumawa ne, daga gine-ginensu na da aka samo shi, kamar yadda ku ma kuke sake amfani da dutsen mangabi, dutsen ginin tsofaffin gidajen Jidda, idan gida ya faɗi. Sarauniya Barta, Kirista daga ƙasar Faransa ta yau, da ta auri Sarkin Kent, yankin da Kantabari take, a nan take ibada. Da Agustin, mai wa'azin Kiristanci, ya zo daga Rum a 597, nan ya fara zama da mutanensa. Hasumiyar kuwa sai bayan ɗaruruwan shekaru aka ƙara ta.

Haka cocin unguwa yake a Ingila: ba a gama shi a zamani ɗaya. Ka duba bakan ƙofa da taga. In zagaye ne mai kauri, galibi aikin Nomawa ne, waɗanda suka ci ƙasar a 1066. In mai tsini ne, daga ƙarshen ƙarni na 12 ne zuwa gaba. Manyan tagogi masu sandunan dutse a miƙe kuwa galibi na bayan annobar 1348 ne.

Baba Magini, Jidda:
Nomawa kuma? Na ɗauka masu gona kake nufi, Injiniya. To amma na lura gefen gabas ya fi ƙanƙanta, kamar ba mai gida ɗaya ba.

Injiniya Sani, Riyad:
Mutanen Nomandi ta arewacin Faransa nake nufi, Baba, a yi mini afuwa. Kuma idonka bai yi ƙarya ba. A al'adarsu, ɓangaren gabas inda limaminsu ke tsayawa, gyaransa na kan wanda ke karɓar ushirin amfanin gona. Babban zauren da jama'a ke taruwa kuwa, nauyin mutanen unguwa ne. Aljihu biyu, gini ɗaya. Shi ya sa a garuruwan da suka yi arzikin ulu, irin su Lavenham da Long Melford, za ka ga zaure da hasumiya kamar na babban birni a tsakiyar ƙauye. 'Yan kasuwa ne suka zuba dukiya, har da sa sunayensu ko tambarinsu a jikin dutse.

Maman Hanifa, Makka:
Ni a Sudan na tashi, kuma wannan zance ya tuna mini da Dungula ta da, inda aka mai da wani ginin sarakunan Nuba masallaci a 1317. Zanen bangon cocin Faras ma na gan shi da idona a gidan tarihi na Khartum muna 'yan makaranta. Injiniya, na Ingila ba su da zane ne? Hotunan da Baba ya sa duk fari fat.

Injiniya Sani, Riyad:
Da suna da shi, Hajiya, har da zanen ranar hisabi a saman bakan da ya raba ɓangarorin biyu. Bayan Sarki Henri na Takwas ya ɓalle daga Fafaroma a 1534, a zamanin ɗansa Edward aka bi ana shafe su da farar ƙasa. Wasu sai a ƙarni na 19 aka kankare aka gano su.

Baba Magini, Jidda:
Farar ƙasar ce ma ta adana su ke nan, don ita tana barin bango ya yi numfashi, ba kamar siminti ba. Na gode muku. Na ce wa yarinyar ta koma ta ɗauko mini hoton ƙofar da aka toshe daga kusa, ta ɗora tafin hannunta kan bulon in ga kaurinsa.