Wa muke horarwa domin asibitocin karkarar Zamfara?

Malama mai koyar da ungozoma, Gusau:
Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka yi aiki a asibitocin sha-ka-tafi na ƙauyuka su faɗa mana abin da suka gani da idonsu, domin a ganina matsalarmu ta wuce ƙarancin ma'aikata, ta haɗa da inda ake ɗauko ɗaliban da ake horarwa tun farko.

Ungozoma, yankin Ƙaura Namoda:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni ta hanyar shirin Women for Health na shigo, shirin horar da mata ma'aikatan lafiya wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, aka fara shi a 2012 a Zamfara da Katsina da Kano da Jigawa da Yobe. An ɗauko mu daga ƙauyuka, aka yi mana karatun share fage har muka cike darussan da suka kayar da mu a sakandare, bisa sharaɗin za mu koma gida mu yi aiki. Mai gari da maigidana duk sun amince kafin in tafi. Da na dawo, matan da a da suke kwana biyu suna naƙuda a ɗaki don kada namiji ya duba su, sai ga su suna zuwa awo tun ciki bai tsufa ba, saboda sun san mahaifiyata, sun san ɗakin da aka haife ni. Wanda ya taɓa ganin yarinya da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda ya san nauyin wannan canji.

Jami'in lafiyar al'umma, yankin Anka:
Na yarda da ke, 'yar'uwa, amma kada a mance da maza 'yan gari. Na yi karatu a kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, kuma ina bakin aiki a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun kawo magani da gwajin jini, sai dai hana mutum niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalmar a tsakar gida, inda yara ke rarrafe, kuma a turmin da ake daka gero, aiki ne na wanda zai zauna da magidanta bayan sallar isha'i su saurare shi. Baƙo ba ya samun wannan zaman.

Ma'aikaciyar jinya, yankin Maru:
Baba ya yi gaskiya, kuma zan ƙara da batun harshe. A asibitinmu ni kaɗai ke jin Fulatanci. Na sha ganin uwa daga ruga tana gyaɗa kai ana yi mata bayanin maganin zazzaɓin cizon sauro da Hausa, sai na tambaye ta da harshenta in tarar ta ɗauka za ta daina bayarwa da zarar jikin yaro ya yi sanyi, alhali kwana uku cur ake shansa. Ban da haka, tun da tsaro ya taɓarɓare, ma'aikatan da aka turo daga nesa suka nemi canjin wurin aiki, kuma ban ga laifinsu ba.

Ungozoma, yankin Ƙaura Namoda:
Malama, akwai abin da ke damuna. Biyu daga cikin waɗanda muka gama tare har yanzu aikin sa-kai suke yi ba albashi, ɗaya kuma ta fara maganar komawa birni ta nemi asibitin kuɗi.