Wai har yaushe za a daina kwashe wa Bauchi tarihinta?

Ɗan Wunti: Salamu alaikum 'yan zaure. Abin nan ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Ku dubi wannan tsohon kati, irin wanda Turawa ke liƙa wa kan sarki su aika wa danginsu a Ingila. Ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ne a jiki yana tuƙa hayaƙi, ga leburori a tsaye, a ƙasa kuma an rubuta Bauchi Light Railway ɓaro-ɓaro. Amma wani shafi a Facebook ya ɗauka ya manna tambarinsa, ya ce wai tsohuwar Jos ce. Jos a ina? Tun 1914 jirgi ke shigowa Bauchi, lokacin da Jos da Gombe duk suna ƙarƙashinmu. Mu ne ba mu iya tallata namu ba, shi ya sa kowa ke yagar rabonsa. Duk mai kishin Bauchin Yakubu ya tura gaba.

Baban Sadiq: Allah ya saka maka. An daɗe ana yi mana haka.

Baba Reluwe: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi haƙuri, masu shafin nan sun fi ka kusa da gaskiya. Layin da aka rubuta a katin bai taɓa taka garin Bauchi ba. Daga Zariya ya taso, ya bi ta Rahama, ya hau dutse zuwa Jos da Bukuru a 1914, don kwasar kuza aka yi shi. Siririn dogo ne, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, ba kamar babban layi mai ƙafa uku da rabi ba, kuma an rufe shi a 1957. Sunan Bauchi ya hau kansa ne saboda a lokacin ƙasar kuza tana cikin Lardin Bauchi, sai a 1926 aka yanki Lardin Filato. Namu jirgin daga Kuru aka jawo shi, ya iso Bauchi a 1961, Gombe 1963, Maiduguri 1964.

Na Jekadafari: Dakata tukuna Baba, a bar maganar jirgi. Ɗan Wunti, ƙarƙashin wa ka ce? Maimaita mu ji.

Ɗan Wunti: Ƙarƙashinmu na ce, ban yi tuntuɓen harshe ba. Kafin 1 ga Oktoba 1996 da aka ba ku jiha, ina kuke zuwa karɓar takardar ɗaukar aiki? Ina ake biyan iyayenku fansho?

Na Jekadafari: Zama a jiha ɗaya daban, zama ƙarƙashi daban. Modibbo Bubayero da hannunsa ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, kamar yadda Malam Yakubu ya karɓo tasa. Tuta biyu, sarauta biyu, kowa Sakkwato yake kai gaisuwa. Kawo mani shekara ɗaya tak da Sarkin Bauchi ya naɗa Sarkin Gombe. Idan kuwa hedikwata ce ƙarƙashi, to daga 1967 zuwa 1976 ku ma kuna ƙarƙashin Maiduguri ke nan, tunda can gwamnan Jihar Arewa maso Gabas yake zaune.

Goni: Alhamdu lillahi, yau gaskiya ta yi halinta. Ku duka biyun bayinmu ne, ku zo ku yi gaisuwa.

Baban Sadiq: Kai Babarbare, wa ya sa da kai? Je ka tambayi tarihi wa ya tare Shehu Laminu lokacin da ya nufo ƙasar Kano da runduna. Yakubun Bauchi ne ya mayar da shi gida.

Goni: Ruwan sama ne ya mayar da mu.

Baban Sadiq: Da rani?

Ɗan Wunti: Razdan a Bauchi yake zaune, Gombe Di'o kawai aka ba ta. Wanda ke aika rahoto da wanda ke karɓa, waye a sama? Kuma don Allah Gombawa ku nuna mana hoton garinku na 1910 mu gani. Babu. Sai a 1919 aka kawo ku Doma, inda garinku yake yanzu. Mu kuwa tun 1809 muke inda muke, ga Ƙofar Wunti, ga Ƙofar Ran, ga Ƙofar Wambai, sunayen na nan har gobe. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Na Jekadafari: Kawo mu aka yi? Kaya ne mu? Fada ce ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, daga nan ta dawo Doma a 1919, zamanin Sarki Umaru Kwairanga. Gari sabo ne, masarauta ba sabuwa ba ce. Gombe Abba tana nan a ƙasar Dukku, ka hau mota ka je ka gani. Kuma da kake alfahari da Razdan, ka tuna a 1902 Turawa suka shiga Bauchi, amma a ƙasarmu, a Bormi, aka yi karon ƙarshe a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Wannan ba ya bukatar kati.

Ɗan Wunti: Mutanen Bormi ai ba da sunan Sarkin Gombe suka yi yaƙin ba, yaro. Kar ka ci da gumin wasu.

Na Jekadafari: Wa kake kira yaro? Ina da 'ya a jami'a.

Ɗan Wunti: A hotonka dai ban ga furfura ba.

Na Jekadafari: Hoton na bikin ƙanena ne, ya daɗe. Ka janye kalmar nan.

Hajiya Maman Hanifa: Haba Alhazai, girma ya kama ku. Ni tambayata daban ce. Hoton da aka turo makon jiya na hawan salla a ƙofar fadar Bauchi, wa ya shafa masa kala? An mayar da rigunan dogarai shuɗaye. Dogarin Sarki da shuɗi? Ja da kore muka tashi muka gani. Ku bar hotunan nan a baƙi da farinsu, injin nan ƙarya yake ƙara musu, har fuskokin mutane yana sauyawa.

Auta: Ni na sa kalar Hajiya, don yara su so kallo ne. Ba wanda ke tsayawa kan hoto mara kala yanzu.

Hajiya Maman Hanifa: To ka riƙa rubutawa cewa kai ka shafa, Auta. Nan da shekara goma wani zai rantse haka kayan suke.

Bagidaje na Azare: Ina ta karatu ina dariya. Da Bausawa da Gombawa kowa na jan zare, mu Katagum ba a ko tuna da mu. Malam Zaki ma da tutarsa. Muna tare da Lardin Kano aka ɗebo mu aka haɗa da Bauchi a 1926, shekarar da aka cire Jos. Wato an ɗauke muku kuza aka ba ku mu. Har yau muna jiran tamu jihar.

Baban Sadiq: Ga shi nan, dama na san za a zo nan. Kowace magana sai kun sako neman jiha.

Bagidaje na Azare: Gombe da ta samu tata ta yi asara ne?

Na Jekadafari: Faɗa masa dai. Ya zo ya ga titunanmu.

Baban Sadiq: Tituna za mu ci? Duk Gombe a nemo mai masa ɗaya da ta kai ta Bauchi.

Baba Reluwe: Ɗan Wunti, ka juya katin ka ɗauko mana bayansa. Idan an aika da shi, hatimin gidan waya zai nuna gari da shekara, magana ta ƙare.

Ɗan Wunti: Ba ya hannuna Baba, a intanet na samu.

Auta: Yaya, ai na ga kai ma ka manna sunanka a kusurwar hoton, daidai inda ka goge nasu.

Ɗan Wunti: Don kar a sake sacewa ne.

Baba Reluwe: To ko duwatsun da ke bayan jirgin ka duba. Na yi aiki a tashar Bauchi har na yi ritaya, babu inda dogo ya ratsa irin wannan wuri a wajenmu.

Ɗan Wunti: Baba, da girmanka, amma sunan wa aka rubuta a jiki? Da Jos suke nufi da Jos za su rubuta. Bature ba ya rubutu a banza.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, kowa ya amince sunan Bauchi ne a katin, ba wanda ya musa, don haka kukan Ɗan Wunti yana kan hanya. Baba Reluwe ya yi ɗan gyara kan shekaru, mun gode masa, Allah ya ƙara lafiya. Na biyu, an tabbatar Razdan a Bauchi ya zauna, kuma garin Bauchi ya girmi garin Gombe da shekara 110. 'Yan'uwanmu na Gombe sun ji zafin kalma ɗaya, muna ba su haƙuri, amma tarihi ba ya jin kunyar kowa. Na uku, maganar masa ba a samu mai ja ba. Daga yanzu duk wanda ya sake tayar da zancen zan cire shi na kwana uku.

Na Jekadafari: Shugaba, a gidan wa aka tsayar da wannan? Baba cewa ya yi jirgin bai zo ba sam, kai ka ce ɗan gyara. Tutar Bubayero fa, ina ka kai ta? Kuma har yanzu bai janye yaron da ya kira ni ba.

Shugaban Zaure: Malam, na ce an rufe.

Bagidaje na Azare: Mu ko a na huɗu ba a sa mu ba.