Me za mu kira "georeferencing" da Hausa?

Mai taswira: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana neman kalmar Hausa ta "georeferencing", matakin da ake bi kafin a fara zana titunan gari a kan hoton tauraron ɗan'adam. Wasu na cewa "daidaita hoto". Me kuka gani?

Safiyo: Wa alaikumus salam. "Daidaita" ta yi faɗi, Malam. Gyaran hasken hoto ma ai daidaitawa ne. Abin da ake yi shi ne a zaɓi wuraren da ake iya ganewa a hoton, a ba kowanne lambobinsa na GPS bisa WGS 84, tsarin lambobin wuri da GPS ke aiki da shi, sai manhaja irin QGIS ta ja hoton ya zauna a kansu. Wurare uku ne mafi ƙaranci a lissafin mataki na farko, in kuma za a lanƙwasa hoton da lissafin mataki na biyu, sai shida. Ni "turke hoto" nake cewa, wuraren kuwa "turaku".

Injiniya: Kalmar ta zauna. Sai dai a kula da inda ake kafa turakun. Ban da kusurwar rufin bene, don sau da yawa a karkace ake ɗaukar hoton, rufin yakan goce daga gindin ginin. A nemi tsakiyar mahaɗar tituna ko bakin kwalbati, abin da ke ƙasa dai. A kuma baza su har gefuna huɗu. In aka cunkusa su wuri guda, can nesa za ka ga titi ya ratsa ta cikin gidajen mutane.

Mai taswira: GPS ɗin waya ya isa?

Injiniya: Ya danganta da hoton. A fili waya kan yi kuskuren kusan mita 5, tsakanin dogayen gine-gine kuwa ya fi haka, saboda sigina na bugun bango kafin ya iso. A hoton tauraron Sentinel-2 mai ɗigon mita 10, wato kowane ɗigo na hoton faɗin mita 10 ne a ƙasa, ba za ka lura ba, amma ai lungu ba ya fitowa a ciki. A hoton tauraron WorldView-3 mai ɗigon kusan santimita 30, kuskuren ya kai faɗin titin unguwa. Sai dai na'urar RTK, wato GPS ɗin safiyo mai ƙarancin kuskure, ko a tara sawun GPS da yawa na titi ɗaya a bi tsakiyarsu, kamar yadda ake yi a manhajar zana taswira ta JOSM.

Safiyo: Ranka ya daɗe, wannan na JOSM matsar da hoto ne kawai, kada a haɗa shi da turkewa. Haka ma cire karkatar da tudu ke jawowa, da bayanan tsayin ƙasa: a kira shi "miƙar da hoto".

Mai taswira: To an tsaya a kan turkewa da turaku. Hoton da aka gama da shi kuma, turkakken hoto.