Kwamfutata tana ƙara tana kuma tsayawa: bairos ne ko faifan ajiya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan kwamfutar tebur da muke amfani da ita a gida, wadda yayana ya bar mini bayan ya sayi sabuwa, kuma a cikinta ne hotunan yara suke tun suna ƙanana, da takardun karatun uwargidana, da duk lissafin aikina. Kwanan nan ta yi nauyi, folda ɗaya takan daɗe kafin ta buɗe, wani lokaci allon ya koma shuɗi ta mutu ta sake tashi da kanta, kuma idan na kara kunne nakan ji wani ƙas-ƙas daga ciki. Abin ya faro ne bayan ɗana ya saka filas ɗin abokinsa, shi ya sa na ƙara manhajar riga-kafi ta biyu a kan wadda nake da ita, yanzu haka ana kan binciken kwamfutar. Wacce riga-kafi ce za ta fitar da wannan bairos ɗin? Hankalina a tashe yake.

Mai gyara: Wa alaikumus salam. Malam, bairos ba ya sa ƙarfe ƙara. Faifan ajiya irin na da yana da faranti masu juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, da ɗan hannu mai karanta bayanai a kansu, kuma ƙarar da kake ji ta hannun ce, yana neman wurinsa ya rasa ya koma farko. Ka dakatar da binciken riga-kafin yanzu, domin yana tilasta wa faifan karanta kowane fayil alhali numfashinsa ya rage kaɗan. Ka fara kwashe hotuna da takardu zuwa wani faifan, mafi muhimmanci a gaba. Bayan haka ka buɗe CrystalDiskInfo, wadda ke karanta rahoton SMART na lafiyar faifai. Idan ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, ka maye faifan da SSD, wato sabon nau'in ma'ajiya marar faranti masu juyawa.

Wani ɗan uwa: Ni a ganina ya yi chkdsk tukuna, wato umarnin Windows mai dubawa da gyara kurakuran faifai, idan bai gyaru ba a yi mata fomat, komai zai dawo daidai.

Mai gyara: Kada ka kuskura. Fomat zai share abin da kake son ceto, chkdsk kuwa zai shafe sa'o'i yana wahalar da faifan da ke shirin mutuwa.

Wata 'yar uwa: Ni dai riga-kafin kuɗi ta fita daga raina. Wani kamfani ya riƙa sabunta rajistata yana cire kuɗi ba tare da ya tambaye ni ba, na rubuta musu har na gaji, ba a mayar mini da komai ba.

Mai tambaya: Na gode, amma lalacewar faifai ba za ta zo daidai da ranar da aka saka filas ba. Kuma riga-kafi biyu ai sun fi ɗaya tsaro, tunda abin da ya kuɓuce wa wannan waccan za ta kama shi.

Mai gyara: Idan biyun suna gadi a lokaci guda, kowace takan riƙe fayil ɗin da ɗayar ke dubawa, nauyin ya ƙaru. Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender, wadda ta ishi yawancin gidaje muddin ana sabunta ta. Har yanzu ba ka faɗa mana Windows ɗin da kake amfani da ita ba, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025.

Wani dattijo: Kafin a yanke wa faifan hukunci, a duba wayar SATA, mai haɗa faifan da kwamfutar, da kuma ta wuta, domin idan sun saki su ma suna kawo tsayawa.

Mai tambaya: Ba na son buɗe cikinta, kuma ba ni da wani faifan a hannu yanzu. Binciken ya kai rabi, zan bar shi ya kammala a daren nan. Har yanzu ina jiran wanda zai faɗa mini wacce zan bari a cikin biyun.