Kyautar garabasa: gyara ce ko haƙƙin mai saye?

Hajiya daga Idi-Araba: Assalamu alaikum. Wani shagon kayan lantarki a Ikeja ya rataye ƙyalle a ƙofarsa cewa duk wanda ya sayi firji kafin ƙarshen wata za a ba shi fankar tsaye kyauta. Saboda wannan fanka na tsallake shagon unguwarmu, wanda farashinsa ma ya ɗan fi sauƙi. Sai da na biya aka rubuta mini rasit, sannan yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce fankokin sun ƙare tun shekaranjiya, alhali ƙyallen yana nan yana kaɗawa. Maigidana ya ce in haƙura, wai ba a bin bashin kyauta. Shin haka ne?

Alhaji mai atamfa, Agege: Hajiya, maigidanki ya faɗi gaskiya. Na tsufa a kasuwa, kuma abin da na sani shi ne kyautar ɗan kasuwa gyara ce. Mai awo yakan cika miki mudu ya ƙara da tafin hannu, amma ranar da bai ƙara ba, babu mai kai shi gaban sarkin kasuwa. Kuɗin firji kika biya, kuma firji aka ba ki.

Barista, Obalende: Alhaji, da girmanka, misalin bai dace da wannan ba. Gyara tana zuwa ne bayan ciniki ya faɗa, kuma ba a yi wa kowa shelarta ba. Ita kuwa fankar nan da ita aka jawo Hajiya cikin shagon, don haka ta shiga cikin abin da aka yi cinikin a kansa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare masu saye, a madadin tsohuwar hukumar CPC ta 1992, ta haramta tallar da ke yaudarar mai saye. Akwai kuma shari'ar Carlill da aka yanke a Ingila a 1892, wadda har yau ake karantar da ɗaliban lauya ita a ƙasar nan: wani kamfani ya yi talla cewa zai biya fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da maganinsa kamar yadda aka tsara amma mura ta kama shi, wata mata ta kamu, kamfanin ya ce ai daɗin bakin talla ne kawai, kotu kuwa ta tilasta masa biya.

Alhaji mai atamfa: To, idan kayan sun ƙare fa, Barista? Masu irin wannan garabasa sukan rubuta cewa kyautar tana nan ne muddin akwai sauran kaya.

Hajiya: Na duba hoton ƙyallen da na ɗauka a wayata. Lallai akwai wannan rubutu a can ƙasa, amma sai da na buɗa hoton da yatsu biyu kafin na iya karanta shi, yayin da kalmar kyauta ana hango ta daga tsallaken titi.

Barista: Wannan sharaɗi ya rage wa hujjarki ƙarfi, ba zan ɓoye miki ba, amma bai wanke su ba. Sun san fanka ta ƙare kwana biyu kafin zuwanki, ba su sauke ƙyallen ba, kuma ba su faɗa miki ba sai da kuɗinki ya shiga hannunsu.

Malamin Islamiyya, Mile 12: Ina so in ƙara da ɓangaren fiƙihu, domin Alhaji ya kawo al'adar kasuwa, kuma al'ada tana da matsayinta. Sai dai magana mafi shahara a mazhabar Malikiyya ita ce, alƙawari yana zama wajibi idan wanda aka yi wa ya shiga wata ɗawainiya saboda shi. Hajiya ta bar inda ya fi araha, ta kashe kuɗin mota, ta sayi firjin, duk a kan maganarsu. Ɓoye mata ƙarewar kayan har ta biya kuwa ya fi kama da algus.

Barista: Hajiya, ki rubuta wa manajan shagon takarda, ki haɗa da kwafin rasit da hoton, ki nemi fankar ko kuɗinta. Idan ya ƙi, ki kai koke LASCOPA, hukumar jihar Legas mai kare masu saye, ko FCCPC. Akwai kuma kotun ƙananan ƙararraki da Legas ta buɗe a 2018, inda mutum ke iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba.

Alhaji mai atamfa: Na yarda cewa barin ƙyallen kuskure ne, Malam. Amma har yanzu ina ganin kuɗin zirga-zirga a cunkoson Ikeja zai cinye kuɗin fankar kafin a biya ta.

Hajiya: Takardar dai ba za ta ci mini komai ba, Alhaji. Yarona zai kai musu ita ranar Litinin, ya kuma duba ko sun sauke ƙyallen.